Eskil da Bareyin Mahaifiyata

A cikin motar littattafai na fara ganin Eskil. Motar tana zuwa ƙauyenmu duk bayan mako biyu, ta tsaya a gaban kanti, kowa ya shiga ya ari abin da yake so. Ni nake fara shiga, ni nake fita a ƙarshe, domin tun da mahaifiyata ta rasu na bar makaranta na koma taya Baba kiwon bareyin ƙanƙara, waɗanda ake kiwo kamar shanu a ƙasarmu ta arewa mai sanyi, motar nan ce ta zama makarantata. Ran nan na shiga ina kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmina, sai na tarar tsohon direban ba ya nan. Wani dogon saurayi ne zaune a wurinsa, hannuwansa sumul babu tabo ko ɗaya. Ya karɓi littattafai biyar da na dawo da su, ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Duk kin karanta, ko matashin kai kika yi da su?" Na ari wasu na fita. Har na isa gida tambayar tana yi mini daɗi a kunne.

Eskil mutumin kudu ne, daga bakin teku. Yana da fara'a, yana da kyauta, ya kuma iya zaɓa wa mutum littafin da zai dace da shi. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa ba ya iya furta "ban iya ba". Idan aka tambaye shi littafin da bai taɓa gani ba, sai ya ce ya karanta shi tun yana yaro. Idan aka yi masa dariya, kunnuwansa su yi jawur, ya wuni yana neman hanyar ramawa. Na lura da haka tun farko, amma na ɗauke shi ƙaramin abu.

Bayan shekara guda ya ba ni aron wani littafi, da na buɗe shi a gida sai na ga ɗankwalin siliki a naɗe a ciki. A wurinmu idan yarinya ta riƙe irin wannan kyauta ba ta mayar ba, ta amsa ke nan. Ban mayar ba.

Mahaifina, Lemet, ba mai yawan magana ba ne. Da Eskil ya zo gaishe shi, sai da ya gama shan kofinsa sannan ya ce, "Ban ce a'a ba. Amma wanda zai zauna da 'yata ya kamata ya ga inda abincinta yake fitowa. Ƙarshen Afrilu za mu raka garke wurin haihuwa. Ka zo ka bi mu wuni guda. Idan mun sauko zan ba ka amsa."

A cikin garken nan kowa, mace ko namiji, da nasa bareyin, kuma kowa da irin tsagar da ake yi a kunnen dabbarsa. Tawa tsagar ta mahaifiyata ce, na gada. Hunturu biyu masu tsanani sun cinye yawancin abin da ta bar mini, saura bareyi mata goma sha ɗaya, dukkansu da ciki. Jagorarsu wata tsohuwa ce fara fat, Fara muke kiranta, mai ƙararrawa a wuya, wadda mahaifiyata ta ɗaura mata da hannunta. 'Ya'yan da za su haifa a wannan shekara su ne abin da zan shiga gidan aure da shi, su ne kuma za su sa tsagar mahaifiyata ta ci gaba da yawo a kan duwatsu.

Ana saura mako guda tafiyar na tambayi Eskil ko ya taɓa hawa babur ɗin ƙanƙara. Ya leƙa ƙofar motar ya ga babu kowa, sannan ya yi murmushi.

"Ke kaɗai zan gaya wa. Ban taɓa ba. Amma shekara biyar ina tuƙa babur a gari, mene ne bambancin?"

Na ce, "Da bambanci. Ka gaya wa Baba, zai ɗauke ka a bayansa, ko ka zauna a akwatin kaya da ake ja."

"A akwatin kaya? Kamar buhun dankali? Don yayanki ya samu abin dariyar shekara?" Ya kama hannuna. "Risten, yi mini alkawari ba za ki faɗa ba."

Hannunsa da ɗumi. Na gyaɗa kai.

Da safen ranar muka taru a gindin dutse, mu huɗu da babura huɗu: Baba, da yayana Ivvar, da ni, da Eskil. Rana ta fito tas, ƙanƙarar tana ɗaukar ido. Baba ya miƙa wa Eskil hular kwano ya ce, "Ka iya?"

"Sosai ma, Baba. Na sha hawa."

Baba ya juyo gare ni. "Risten?"

Sai na sunkuya ina ƙara ɗaure igiyar akwatin kaya, igiyar da na riga na ɗaure tamau. Baba ya jira kaɗan, ya ɗauki shirun nan a matsayin amsa. Da ya san gaskiya, da ya zaunar da Eskil ya yi masa bayani dalla-dalla kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Da yake an ce masa ya iya, abu biyu kawai ya faɗa: "Ka bi sawuna. Idan na ɗaga hannu, ka kashe inji." Bai gaya masa abin da kowane mai hawa dutse a ƙasarmu ya sani ba, wato a wannan wata ba a kusantar barewa mai ciki da inji, kuma wadda ta ware daga garke ba ɓata ta yi ba, wurin haihuwa take nema.

Totur ɗin babur ɗin ƙanƙara da babban yatsa ake danna shi, a hankali. Eskil ya danna shi gaba ɗaya. Babur ɗin ya yi tsalle, ya tafi da shi kai tsaye cikin shingen Baba. Ivvar ya riƙe ciki don dariya.

"Kai, Malam mai littattafai! Dutsen yana can, wannan shinge ne!"

"Injin ne bai yi zafi ba," in ji Eskil.

Muka kama hanya. A gangare na farko, inda ake miƙewa tsaye a karkata jiki wajen tudu, shi ya zauna daram, da ya ji babur na karkacewa sai ya sauke ƙafa kamar yana kan kwalta. Ƙafar ta nutse har cinya, babur ya kwanta a kansa. Muka ɗaga shi. Ba mu yi nisa ba ya kauce daga sawu ya faɗa cikin dusa mai laushi, ya tsaya yana fuskantar tudu. Maimakon ya saki totur, sai ya yi ta dannawa, bel ɗin da babur yake tafiya a kansa maimakon taya yana ta haƙa, har babur ya nutse zuwa kujera.

Ivvar ya dawo da shebur a kafaɗa yana tafe yana fito. "Ango, kabarin wa kake tonawa? Faɗa mini in san ko zan yi kuka. A wane littafi ka karanta wannan salon? Ka ara mini shi mako mai zuwa."

Baba bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallo har aka fito da babur ɗin, sannan ya ce, "Eskil, idan ka gaji ka bar shi nan, ka hau bayana. Ma ɗauke shi a dawowa. Ba abin kunya ba ne."

Na yi addu'a a zuciyata ya yarda.

"Ban gaji ba, Baba. Tsohon inji ne kawai, ba irin wanda na saba da shi ba."

Baba ya dube ni. Na juya ina goge gilashin hulata.

Abin da ya fi muni shi ne, daga nan Eskil ya fara kamawa. Da muka wuce bishiyoyi na ƙarshe muka fito fili, inda ƙanƙarar ta yi tauri ta shimfiɗu har iyakar gani, sai babur ɗin ya daina yi masa gardama. Ya zo daidai da ni, ya ɗaga gilashin hularsa, iska tana fitar masa da hawaye, yana ihu yana kiran sunana. Ban taɓa ganin mutum cikin murna haka ba, ban kuma taɓa son sa kamar a wannan lokaci ba. Na ce a raina, shi ke nan, ya iya, ƙaryar ta zama gaskiya, ba wanda zai sani. Ban san cewa mai koyo ya fi haɗari a sa'ar da ya fara jin ya iya ba.

Da rana ta take Baba ya ɗaga hannu, muka kashe injuna. Garken yana can nesa a cikin kwari, ɗigo-ɗigo, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da tulu cike da ruwa. Muka hura wuta da icen da muka zo da shi, na ɗora butar kofi, Baba ya yanka busasshen nama ya miƙa wa kowa a bakin wuƙa. Ivvar bai gaji ba.

"Ango, riƙe kofin da hannu biyu, na ga yana rawa. Risten, wannan za ki aura? To, ki tanadi zanen goyo, don da shi za ki riƙa hawo da shi dutse."

"Yaya Ivvar, ya isa haka," na ce, amma muryata ba ta fita sosai ba.

"Me na ce? Ai yabonsa nake yi. Sau uku ya faɗi, sau uku injin ne da laifi. Ni kuwa na ce a nan ba yawan karatu ake tambaya ba. Dabba ta fita daga garke, wa zai juyo da ita? Shi ke nan jarrabawar. Shi kuwa Malam, ko kansa bai iya juyowa ba." Ya miƙe ya kwaikwayi yadda Eskil ya sauke ƙafa ya kife, har da wutsil-wutsil da ƙafafu a sama.

Na yi dariya. 'Yar kaɗan ce, ta kuɓuce mini ne, na yi maza na rufe baki. Amma Eskil ya gani. Kunnuwansa suka yi ja har wuya.

Baba da Ivvar suka ɗaura katakan sulɓi a ƙafa suka tafi zagayen garke ta yamma, domin daga nan ba a ƙara tayar da inji. Ni kuma na ɗauki madubin hangen nesa na hau wani dutse don in nemo nawa. Muka bar Eskil a bakin wuta. Makullai suna jikin babura, domin a kan dutse ba wanda yake cire makulli.

Ban daɗe ba na hango su. Fara ta ware daga garke da sauran goman a bayanta, suna hawa tudun gabas a jere, zuwa wani wuri da rana take fara narkar da ƙanƙara, inda take haihuwa kowace shekara tun mahaifiyata na da rai. Daɗi ya kama ni. Na juya don in kira Eskil ya zo ya gani, sai na ji ƙarar inji.

Shi ma ya gan su. A ganinsa ga dabbobi sun ɓalle, ga jarrabawar da Ivvar ya faɗa, ga kuma ni a kan dutse ina kallo.

Na yi ihu har maƙogwarona ya yi zafi. Na ɗaga hannuwa sama na gicciye su, alamar da ko ɗan shekara biyar a ƙauyenmu ya san tana nufin tsaya. Eskil ya ɗaga mini hannu ɗaya, yana tsammani kirari nake yi masa.

Fara ta tsaya cak, ta ɗaga kai, sannan ta zabura. Sauran suka bi ta. Masu nauyin ciki ne, ɓawon ƙanƙarar yana fashewa a ƙarƙashinsu yana yankar ƙafafunsu, ta madubin ina ganin jan ɗigo a kan fari. Wanda ya san aikin ta sama yake zagayo dabba ya gangaro da ita. Shi ta ƙasa ya bi su, yana tura su sama. A kan tudun gabas kuwa iskar hunturu takan tara ƙanƙara ta wuce bakin dutse, ta yi leɓe mai faɗi wanda babu komai a ƙarƙashinsa. Barewa ta san shi, ba ta taka shi idan tana cikin hayyacinta. Su goma sha ɗaya suka hau shi a guje.

Ba wata babbar ƙara aka yi ba. Leɓen ya tsage, ya zauna, ya tafi da su. Ƙararrawar da nake ji tun ina ƙarama ta yi kuka sau biyu ta yi shiru.

Eskil ya ga ramin, ya firgita, ya sauke ƙafa kamar yadda ya yi da safe. Ya wuntsila gefe, babur ɗin ya ci gaba shi kaɗai ya bi su. Rashin iyawarsa ne ya cece shi. Ko ƙwarzane bai yi ba.

Sai da muka yi awa guda kafin mu zagayo ƙasan dutsen. Huɗu sun riga sun mutu. Biyu suna tsaye can gefe suna karkarwa. Biyar suna kwance da karaya, wasu cikin ya riga ya zube a bayansu, ƙananan abubuwa jiƙaƙƙu da ba su kai ga yin numfashi ba. Fara tana cikinsu. Bayanta ya karye, tana ta ƙoƙarin tashi da ƙafafun gaba, ƙararrawar ta lotse tana ƙwas-ƙwas kamar gwangwani.

Baba ya zaro wuƙarsa, ya juya ƙotar, ya miƙa wa Eskil.

"Kai ne ka fara aikin. Ƙarasa shi."

Eskil ya ja da baya. Fuskarsa ta yi fari kamar ƙanƙarar. "Totur ɗin ne ya maƙale, Baba. Ni taimako na yi niyya. Ba wanda ya gaya mini ba a bin su."

"Ba a gaya wa wanda ya iya," in ji Baba. "Na tambaye ka da safe. Na sake tambayarka a hanya." Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ba ta ɗaga ba. "Ke ma na tambaye ki."

Ya sa mini wuƙar a hannu.

Ivvar ya matso. "Baba, bar ni in yi mata."

"Kai ka riga ka yi naka da bakinka. Dabbobinta ne."

Na durƙusa a gaban Fara. Ta san ƙanshina, ta daina fafutuka, ta sa hancinta a cikin hannun rigata inda nake ɓoye mata gishiri. Na yi abin da ya kamata. Na yi sau biyar. Ina jin Eskil a bayan wani dutse yana amai.

Ba ma barin nama ya lalace, ko na baƙin ciki ne. Muka feɗe, muka ɗora a akwatunan kaya. Da muka gama, babura uku ne, mu huɗu. Baba bai ce Eskil ya hau bayansa ba. Ya nuna masa akwatin da Ivvar yake ja. A nan ya zauna har gida, a tsakanin fatu da cinyoyi, jini yana daskarewa a wandonsa, yana riƙe da igiya da hannu biyu. Ba wanda ya yi dariya.

A ƙofar gida na tsaya kusa da shi. Kalma ɗaya nake jira, ta ban haƙuri. Da ya faɗe ta, ban san me zan yi ba, wataƙila da na roƙi Baba, domin zuciyata ba ta gama da shi ba. Ya dubi takalminsa, ya ce, "Ke ma dai kin san ba laifina ba ne ni kaɗai. Kin yi mini dariya a gabansu."

Baba bai ba shi amsar da ya yi alkawari ba, shi ma bai tambaya ba. Bayan mako biyu motar ta zo. Na mayar da littattafan da ke hannuna, ɗankwalin a naɗe a cikin na sama. Eskil ya buɗe, ya gani, ya rufe, ya buga hatimi. Wata na zagayowa wani dattijo ne a kujerar.

Cikin biyun da suka tsira, ɗaya ta yi ɓari bayan kwana uku. Ɗayar ta haihu. A watan Yuli, ranar tsaga kunne, kowane gida yana ta jefa igiya yana kama 'ya'yan bareyinsa, ni ɗiya ɗaya tak nake nema a cikin ƙurar shingen. Baba ne ya kamo ta, ya kwantar da ita, ya danne ta da gwiwa. Mako goma bai tayar mini da zancen ranar nan ba. Ya miƙo mini ƙaramar wuƙar mahaifiyata. Na yi tsagar. Da na gama bai saki 'yar barewar ba, ya ci gaba da kallona, kamar yadda ya kalle ni a gindin dutse.

Mai karatu, girman kai ya hana Eskil faɗin kalma uku, "ban iya ba", kuma da ya faɗe su da ba abin da zai rasa sai 'yar dariyar wuni guda. Wanda ya ce ya iya alhali bai iya ba, ya rufe wa kansa ƙofar koyo, kuma sau da yawa ba shi ne yake faɗawa ramin ba, waɗanda ba su ji ba su gani ba ne. Mai ba'a shi ma ya sani harshensa yana iya tura mutum inda ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Amma darasin da ya fi yi mini ciwo nawa ne: rufa wa wanda kake so ƙarya ba ƙauna ba ce, kuma shiru a lokacin da aka tambaye ka gaskiya shi ma ƙarya ne. Na daɗe da sanin haka a zuci, sai dai a zuci na saba ajiye komai, abin da ya kashe Fara ke nan. Shi ya sa ran nan, a tsakiyar shinge, jinin kunnen yana yatsuna, na ɗaga murya yadda Ivvar da maƙwabta za su ji, na ce, "Baba, na yi alkawari, duk ranar da ka sake tambayata zan amsa da bakina, ko a kan wa ne, ko da wanda nake so ne." Baba ya ɗaga gwiwarsa, 'yar barewar ta tashi ta ruga wurin uwarta.